Me ya sa kwamfuta ke daɗewa kafin ta sake haɗuwa da sabar fayil, kuma ina ya kamata a taɓa a kod ɗin?

Tambaya: Muna da kwamfutoci masu Linux da aka ɗaura wa rumbun fayiloli na wata saba ta hanyar SMB, wato ƙa'idar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci. Duk lokacin da sabar ta ɗauke ta dawo, sai kwamfutocin su yi kusan minti uku a sandare kafin fayiloli su sake buɗuwa, alhali sabar ta tashi tuntuni. Na shiga kod ɗin kenel, wato zuciyar tsarin Linux, na ga `msleep(3000)`, barcin milisakan 3000, a cikin zagayen sake haɗuwa, na mayar da shi 100, na sake gina kenel ɗin. Jinkirin bai ragu ba ko kaɗan. Yanzu ina tunanin rubuta faci, wato ɗan gyaran kod, da zai riƙa ninka lokacin jiran. Ina matsalar take, kuma yaya ake wannan gyaran yadda ya kamata?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara mayar da 3000 ɗin nan inda ka same shi. Gwajin da ka yi bai tafi a banza ba, domin shi ne ya nuna maka cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka cire kusan sakan 3 daga jinkirin da ya kai sakan 180, dole ba za ka ji bambanci ba. Kuma wannan “kusan minti uku” da ka ambata shi ne babban abin da ka faɗa a duk tambayarka, don ba adadi ne da ya faɗo daga sama ba. Sittin ne sau uku.

Abin da mai amfani da kwamfuta ke gani a matsayin jinkiri ɗaya, a cikin kenel agogo ne da yawa a jere, kowanne sai na gabansa ya gama yake fara bugawa. Akwai lokacin da kwamfuta ke ɗauka kafin ta ma gane cewa haɗin ya mutu. Akwai lokacin buɗe sabon haɗin TCP, ƙa'idar da ke kai bayanai tsakanin injinan biyu, zuwa ƙofa ta 445 inda sabar SMB ke sauraro. Bayan nan a sake gaisawa da sabar a daidaita wane zubin SMB za a yi magana da shi, a sake shiga da suna da kalmar sirri ko tikitin Kerberos, a sake kama rumbun, a sake buɗe fayilolin da ke hannu. Can gefe kuma ga manhajar da ta nemi karanta fayil tana zaune tana jira, ita ma da nata wa'adin. Barcin sakan 3 da ka taɓa yana cikin mataki na biyu ne kawai, kuma sai an gwada haɗuwa an kasa ake shigarsa. Idan sabarka ta riga ta tashi kafin kwamfutar ta farga, yunƙurin farko ne zai yi nasara, layin da ka gyara ko sau ɗaya ba za a bi ta kansa ba.

To bari mu tsaya a matakin farko, don a nan lokacinka ke tafiya.

Haɗin TCP ba ya ihu idan ɗaya ɓangaren ya ɓace. Idan an kashe sabar cikin tsari, takan aiko da saƙon rufewa, kwamfutarka ta sani nan take. Amma idan wuta ce ta ɗauke mata, ko waya ta tsinke, ko wata na'ura a tsakani ta daina wuce da fakiti, babu wanda zai gaya wa kowa komai. Shiru ne kawai, kuma shirun sabar da ta mutu da shirun sabar da ba ta da abin faɗa kamarsu ɗaya. Saboda haka kod ɗin SMB na Linux, wanda yake zaune a `fs/smb/client` tun daga kenel 6.4 na shekarar 2023 (kafin nan a `fs/cifs` yake), yakan aika ɗan saƙon jin lafiya duk bayan wani lokaci idan haɗin ya yi tsit. Tazarar ita ce `echo_interval`, kuma in ba ka saka komai ba sakan 60 ce. Kenel na riƙe da lokacin da amsa ta ƙarshe ta iso a wani wuri mai suna `lstrp`. Aikin `server_unresponsive` a cikin `connect.c` yana dubawa: idan an yi ninki uku na `echo_interval` babu amsa, sai ya yanke hukuncin cewa sabar ta mutu, a fara sake haɗuwa. Ga sakan 180 ɗinka nan. Ka duba `dmesg`, inda kenel ke rubuta saƙonninsa, ina kyautata zaton za ka ga layin da ke cewa sabar ba ta amsa ba cikin sakan 180. Tsofaffin kenel ninki biyu suke yi, shi ya sa za ka ci karo da 120 a tsofaffin rahotanni. An ƙara zuwa uku ne saboda aikin aika saƙon yakan farka, ya ga an samu amsa ba da daɗewa ba, ya koma barci bai aika komai ba. Da ninki biyu sai a iya yanke wa saba mai rai hukunci tun ba a ba ta isasshiyar damar amsawa ba. Ƙari a kan haka, zaren `cifsd`, ɗan aikin kenel da ke sauraron soket ɗin, wato bakin haɗin, yana yin wannan dubawar ne duk lokacin da jiran karɓarsa ya ƙare, wanda aka sa sakan 7, don haka 'yan sakanni kan ɗoru a kai.

Za ka ce, ai sabar ta dawo da wuri, me ya hana ta gaya wa kwamfutar cewa ba ta san wannan tsohon haɗin ba? Tambaya ce mai kyau. Takan faɗa, da fakitin RST mai cewa a yanke haɗin, amma sai wani fakiti na tsohon haɗin ya iso mata tukuna. A nan ne ja da bayan TCP kansa ke shigowa. Ka ɗauka kwamfutar ta aika saƙo bayan sabar ta faɗi. Ba a amsa ba, ta sake aikawa bayan kamar milisakan 200, sannan 400, sannan 800, tana ninkawa. Ka tara lissafin: sake aikawa ta takwas tana faɗowa wajen sakan 51, ta tara wajen sakan 102, ta goma sai wajen sakan 204. Idan sabarka ta gama tashi a sakan 110, ta makara da sakan takwas kacal, kuma babu fakitin da zai sake taɓa ta sai bayan wani minti ɗaya da rabi. Duk wannan lokacin tana nan lafiya lau, ana iya buɗe sabon haɗi da ita cikin ƙiftawar ido, amma kwamfutarka na manne da gawar tsohon. Kafin a kai 204 ɗin, agogon 180 ya riga ya buga. Idan kuma akwai katangar tsaro a tsakani da ta manta da haɗin, tana zubar da fakitinsa ba tare da amsa ba, RST ɗin ba zai taɓa zuwa ba. Shi kuwa TCP in aka bar shi da kansa, da `tcp_retries2`, iyakar sake aikawa, a kan 15 kamar yadda yake zuwa, sai ya haura minti goma sha biyar kafin ya haƙura.

Kada ka ɗauki maganata a kan haka, ka auna. Ka kunna `tcpdump`, mai nuna fakitin da ke wucewa, a kan ƙofa ta 445 a ɗaya daga cikin kwamfutocin, a wata taga ka sa `trace-cmd record -e cifs`, sannan ka kashe sabar kamar yadda takan ɗauke. Lokuta huɗu nake so ka rubuta a takarda: fakiti na ƙarshe da ya zo daga sabar, fakitin SYN na farko da kwamfutar ta aika don sabon haɗi, lokacin da sabar ta amsa wannan SYN ɗin, da lokacin da karatun fayil na farko ya yi nasara. Tazara ta farko ita ce ta ganewa, ta biyu ta bugun ƙofa, ta uku ta sake shiga. Wadda ta fi tsawo ita ce abokiyar faɗanka. Fayil ɗin `/proc/fs/cifs/Stats` zai nuna maka sau nawa aka sake haɗuwa, `/proc/fs/cifs/DebugData` kuma halin da kowane haɗi ke ciki a wannan lokacin.

Idan ta tabbata tazarar ganewa ce, gyaranka ba ya buƙatar ko layi ɗaya na kod. Ka sauke rumbun ka sake ɗaura shi da `echo_interval=10`, jiran zai sauko wajen sakan 30. Ana karɓar daga 1 har 600. Sai dai ina roƙonka kada ka yi zari ka sa 1 ko 2. Na taɓa rage shi ƙwarai a wani wurin aiki, komai ya yi kyau da rana, da dare kuma lokacin da sabar ke kwafar ajiyar bayanai, nauyi ya yi mata yawa ta riƙa jinkirin amsa na 'yan sakanni. Kwamfutocin suka riƙa ɗaukarta matacciya, suna yanke haɗi mai rai suna sake shiga, kowace sake shiga kuma ƙarin kaya ce a kan sabar da dama numfashi take da ƙyar. An gudu ba a tsira ba. Ka auna mafi munin jinkirin da sabarka ke yi lokacin da aiki ya fi yi mata yawa, ka tabbata ninki ukun ya wuce shi da rata mai kyau.

Yanzu maganar facin. Ban ce ka watsar da shi ba, akwai yanayin da ya dace. Barcin da ba ya canzawa yana da illa iri biyu. Idan katsewar ta ɗan lokaci ce, sakan 3 ya yi yawa, ana iya komawa cikin rabin sakan. Idan kuma ta sa'o'i ce, kuma kwamfutoci ɗaruruwa ne suka rasa sabar a lokaci guda, to duk za su riƙa bugun ƙofa tare, kuma a daidai sakan ɗin da sabar ta buɗe ido za su afka mata gaba ɗaya, kowacce na neman a tantance ta a sake buɗe mata fayiloli. Maganin tsoho ne. Ethernet tun farkonsa yana ninka jira bayan kowane karo tare da zaɓar lokaci ta hanyar ƙuri'a, aikin Phil Karn na 1987 da na Van Jacobson na 1988 kuma suka kafa ninka jiran a cikin TCP. A kenel ɗin ma ba sai ka je nesa ba. Ka karanta `xprt_reconnect_delay` da `xprt_reconnect_backoff` a `net/sunrpc`, waɗanda NFS, wata ƙa'idar raba fayiloli ta daban, ke tafiya a kansu: ana farawa daga sakan 3, a ninka, a tsaya a wata iyaka. A cikin kod ɗin SMB kansa akwai `smb2_should_replay`, mai ninka barci tsakanin maimaita buƙata har zuwa milisakan 2000. Ninkawar ita ce mafi sauƙin ɓangare. Inda mutane ke faɗuwa shi ne iyakar, da kuma wurin da ake mayar da ƙirgar farko.

Iyakar ba kai kaɗai ke da ita ba, wasu agogo biyu suna da haƙƙi a kanta. Na farko na sabar ne. Tun daga SMB2, saba na iya riƙe wa kwamfuta fayil ɗin da ta buɗe, da makullansa, na ɗan lokaci bayan haɗi ya yanke, don ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Littafin `mount.cifs` ya ce ga yawancin sabobi wannan riƙon sakan 120 ne idan an ɗaura da `persistenthandles` ko `resilienthandles`, kuma ana iya neman wani adadin da `handletimeout`, a milisakan. Ka ga kenan idan ganewa kaɗai ta cinye sakan 180, an riga an saki fayil ɗin tun kafin ka buga ƙofa. Idan ka gyara ganewar ta koma 30, sannan ka bar jiranka ya ninku har 60 ko 120, ka sake jefa kanka cikin ramin da ka fito: sabar ta dawo, kana barci, wa'adin ya cika, makullin fayil ya tafi, wata kwamfutar ta shiga ta yi rubutu a kai. Wannan ya wuce maganar jinkiri, ya zama maganar lalacewar bayanai, kuma shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a irin wannan facin.

Agogo na biyu na manhajar da ke jira ne. SMB a Linux yana ɗauruwa da `soft` in ba ka ce komai ba, saɓanin NFS da ke zuwa da `hard`, mai jira har sai sabar ta dawo. A ɗaurin `soft`, manhajar da ta nemi fayil lokacin da haɗi ke ƙasa takan jira kamar sakan 10 a `cifs_wait_for_server_reconnect`, in ba a dawo ba a mayar mata da `EHOSTDOWN`, wato saƙon da ke cewa sabar na ƙasa. Da barcin sakan 3, cikin waɗannan sakan goman ana samun yunƙuri aƙalla ɗaya ko biyu. Da barcin sakan 30, mutum zai danna fayil, ya jira sakan goma, a ce masa sabar ta mutu, alhali tana raye, kenel ne bai ko gwada ba. Hanya biyu ce. Ko ka riƙe iyakar ƙasa da wannan wa'adin, ko ka sa zuwan mai buƙata ya tayar da mai barcin ya gwada nan take. Ni na fi son ta biyu tare da ƙaramar iyaka, amma ka sa ƙaramar tazara tsakanin yunƙuri biyu ko da an tayar da shi, in ba haka ba manhajar da ke maimaita buƙata ba ƙaƙƙautawa za ta rushe maka ja da bayan baki ɗaya.

Sai wurin mayar da ƙirga. Kusan kowa a rubutun farko yakan mayar da jiran zuwa mafi ƙanƙanta da zarar haɗin TCP ya buɗu. Ka yi tunanin sabar da ke tsakiyar tashi, ko na'urar raba kaya da ke gabanta: ƙofa ta 445 na karɓar haɗi, amma da an aika gaisuwar SMB sai a rufe. A idon facinka kowane zagaye nasara ne. An haɗu, an mayar da ƙirga, an yanke, an sake haɗuwa ba tare da barci ba, sau ɗaruruwa cikin sakan guda, kuma `dmesg` ya cika maƙil. Nasarar da ta cancanci a mayar da ƙirga ita ce wadda aka gama shiga aka kama rumbun, in so samu ne ma har haɗin ya ɗan jima yana aiki. Kod ɗin NFS yana da wata dabara a nan da nake so ƙwarai: yana duba wa ya rufe haɗin. Idan kwamfutar ce ta rufe da kanta, misali don ya daɗe ba a amfani da shi, babu jira a haɗuwa ta gaba. Idan sabar ce ta rufe, dole a ɗan ja baya kafin a koma. Haka kuma yana ƙirga jiran daga lokacin da aka fara yunƙurin da ya gabata, ba daga lokacin da ya ƙare ba. Wannan yana da amfani gare ka, domin a SMB an sa wa soket wa'adin aikawa na sakan 5, kuma yunƙurin haɗuwa da sabar da ke zubar da fakiti yakan cinye su kafin ya haƙura. Zagayen da kake zaton na sakan 3 ne, a wannan halin na kusan 8 ne.

Tunda ƙirgar dole ta rayu daga zagaye zuwa zagaye, wurin zamanta shi ne cikin `struct TCP_Server_Info`, ɗaya ga kowane haɗi. In ka ajiye ta a cikin aikin kanta, duk sabon kira zai fara daga sifili. In ka mai da ita ta kowa da kowa, saba ɗaya da ta mutu za ta jinkirta wa sauran masu rai. Ka tuna kuma SMB3 na iya buɗe hanyoyi da yawa zuwa saba guda, kowace hanya da nata tsarin, don haka hanya ɗaya na iya ja da baya sauran na aiki.

Zuciyar abin ba ta wuce wannan ba:

```
jira  = min(jira * 2, IYAKA_MS);
barci = jira / 2 + get_random_u32_below(jira / 2 + 1);
wait_event_interruptible_timeout(layi, a_tashi(server),
				 msecs_to_jiffies(barci));
```

Layi na biyu shi ne mai warwatsa taron. Rabin jiran tabbas ne, ɗaya rabin ƙuri'a ce, don haka kwamfutoci ɗari da suka faɗi tare ba za su tashi tare ba. In babu shi, ninkawar ba ta raba su, sai dai ta sa su riƙa zuwa tare a tazara mai tsawo.

Layi na uku kuma yana ɗauke da abubuwa biyu. Na farko ma'auni. Kenel na ƙirga lokaci da `jiffies`, kuma yawansu a sakan guda, wato `HZ`, ya danganta da yadda aka gina kenel ɗin: 100, 250, 300 ko 1000. `msleep` milisakan yake karɓa, `queue_delayed_work` da dangin `wait_event` kuma `jiffies`. Wanda ya rubuta `msleep(3 * HZ)` a kwamfutar da `HZ` ɗinta 1000 ne zai ga sakan 3 cif, ya yi murna, a kwamfutar maƙwabcinsa mai 250 kuma milisakan 750 ne. Ka sa ma'aunin a cikin sunan kowane adadi, kuma duk kwatanta lokaci ka yi shi da `time_after`, kada ka yi da alamar “ya fi” kai tsaye, saboda ƙirgar na zagayowa. Na biyu irin barcin. `msleep` barci ne da ba a katse shi. Sakan 3 ana iya haƙuri da shi, amma in ka tsawaita shi, mai son sauke rumbun da `umount` ko mai rufe murfin kwamfutarsa don ta yi barci zai tsaya jiran zaren da ba ya ji ba ya gani. Barcin da ake iya tayarwa ya fi, sai dai yana da nasa tarkon: idan akwai sigina da ke jiran zaren, jiran zai riƙa dawowa nan take kowane zagaye, ka koma juyi babu hutu. Dole bayan kowace farkawa ka duba ko `tcpStatus` ya koma `CifsExiting` ka fita. Kuma ka lura kod ɗin yanzu yana sakin makullin sabar kafin ya kwanta. Ka bar wannan tsarin yadda yake. Barci da `srv_lock` a hannu haramun ne a kenel tunda makullin juyi ne, wanda mai jiransa ke ta juyi ba ya barci, barci da babban makullin kuma zai tsayar da duk mai son aika wani abu.

Akwai zagaye na biyu da bai kamata ka manta da shi ba. Bayan TCP ya haɗu, aikin `smb2_reconnect_server` ne ke sake shiga da kama rumbuna, in ya kasa yakan sake sa kansa a layi bayan sakan 2. Idan za ka taɓa nan, ka san bambancin kira biyu: `queue_delayed_work` ba ya yin komai idan aikin na kan layi tuntuni, agogon da ke kai ne zai ci gaba, `mod_delayed_work` ne ke canza lokacin. Wanda ya tsawaita jiran zuwa sakan 30, sannan ya kira na farkon da sifili yana zaton ya ce “yanzu”, zai zauna jiran sakan 30 ɗin nan bai san dalili ba.

Ba kowace gazawa ce kuma ta cancanci jira iri ɗaya ba. `ECONNREFUSED` na nufin injin na raye, manhajar sabar ce ba ta tashi ba tukuna, a nan sake gwadawa da wuri daidai ne kuma ba shi da tsada. `ETIMEDOUT` da `EHOSTUNREACH` na nufin hanya ce babu, a ja baya. Amma idan sabar ta amsa ta ce kalmar sirri ba daidai ba ce, maimaitawa da sauri ba za ta gyara komai ba, kuma a wuraren da ake kulle asusu bayan kuskure kaɗan, facinka zai kulle asusun mutum cikin 'yan sakanni, a duk kwamfutocin da yake amfani da su. Wannan a ba shi jira mafi tsawo. Sannan idan tazarar da ta fi tsawo a takardarka ta faɗo tsakanin hukuncin mutuwa da ka gani a `dmesg` da SYN na farko, ka dubi DNS, mai fassara suna zuwa adireshi. Kenel yakan sake tambayar adireshin sabar lokacin sake haɗuwa, ta hanyar kiran wani shiri da ke wajensa da `request-key`, kuma idan katsewar ta haɗa da sabar DNS, kowace tambaya na iya cin sakan 5 sau biyu bisa abin da `resolv.conf` ke zuwa da shi.

Gwaji kuwa, ka tayar da Samba, manhajar sabar SMB, a wata kwamfutar gwaji ka kashe ta ta hanyoyi daban-daban, don kowace mutuwa da hanyar da take bi a kod. Dokar `iptables` mai `DROP` a ƙofa ta 445 tana kwaikwayon ɗaukewar wuta. `REJECT --reject-with tcp-reset` tana kwaikwayon injin da ke raye ba manhaja. Tsayar da `smbd` yana ba ka rufewa cikin tsari. Ka rubuta ɗan shiri da ke karɓar haɗi ya rufe nan take, don gwada wurin mayar da ƙirga. Wannan gwajin ne ya fi kama kurakurai a hannuna. Da `tc netem` ka ƙara jinkiri da zubar fakiti ka ga ko ana yanke haɗi mai rai bisa kuskure. A kowanne, ka bar wani shiri yana rubutu cikin fayil da makulli a hannu, bayan an dawo ka kwatanta abin da ya rubuta da abin da ke kan sabar. Ka gwada `umount` a tsakiyar barci mafi tsawo, ka gwada canza kalmar sirri haɗi na ƙasa, sannan ka bi da `xfstests` don ka tabbata ba ka fasa wani abu a gefe ba.

In ka zo miƙa facin ga masu kula da wannan ɓangaren, wanda Steve French ke jagoranta, `scripts/get_maintainer.pl` zai ba ka sunayen waɗanda za ka tura wa, `scripts/checkpatch.pl` kuma ya duba maka tsari. Ka raba shi: canza irin barcin faci ɗaya, ninkawa da warwatsawa wani, bambanta kurakurai wani. A bayanin kowanne ka sa lokutan nan huɗu, kafin gyara da bayansa, da irin mutuwar da ka gwada da kuma dalilin da ya sa ka zaɓi iyakar da ka zaɓa.

Amma kafin duk wannan, ka sake ɗaura kwamfuta ɗaya tak da `echo_interval=10` a kan kenel ɗin da ba a taɓa ba, ka cire wa sabar gwaji waya, ka riƙe agogo. Idan ka ga layin `dmesg` ya fito wajen sakan 30 zuwa 37, fayil kuma ya buɗu jim kaɗan bayan ka mayar da wayar, ka turo min lokutan huɗun da adadin kwamfutocin da ke kan sabar, mu duba ko akwai sauran abin da faci zai ƙara maka.